Heinkel 111 mai hancin gilashi: ta ina zan fara haɗa shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya kawo mini tsarabar jirgin roba na haɗawa daga Ingila, Heinkel He 111 H-6 na kamfanin Airfix, ma'aunin 1:72. Na taɓa haɗa ƙananan jirage biyu masu inji ɗaya, amma na biyun da na sa wa gilashinsa gam sai ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka. Wannan kuwa hancinsa gaba ɗaya gilashi ne. Ba ni da na'urar fesa fenti, burushi kawai gare ni. Wata uku ke nan kwalin yana kan durowa na kasa farawa. Ta ina zan kama, kuma da wane launi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoron da kake yi yana kan hanya, domin duk wanda ya ɗauki He 111, jirgin bam na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, a hannu, hancin nan zai fara leƙawa. In hancin ya yi kyau, za a yafe maka kuskure goma a fiffike. In ya yi hazo, ba wanda zai kula da sauran wahalarka.

Abin da ya ɓata maka gilashi a baya sufa gulu ne. Yayin da yake bushewa yana fitar da tururi, tururin ya sauka a kan roba mai haske, musamman inda yatsanka ya bar maiƙo, ya zama farar ƙura da ba ta goguwa. Ni ma jirgina na farko haka ya ƙare, na kwana ina murna, da safe na tarar matuƙin ya ɓace cikin hazo. Maganin yana shagon kafinta: farin gam ɗin nan na katako. Ka ɗebo da tsinken sakace, ka shafa siririn layi a bakin gilashin. Yana bushewa garau, ba ya tururi, in ya yi yawa kuma ka goge da auduga mai lema. Ba shi da ƙarfin gam ɗin roba, amma gilashi ba kaya yake ɗauka ba. In ka ga ƙarzuwa a gilashin, man goge haƙori da tsumma mai laushi suna fitar da ita, sai dai haƙuri.

Kafin gam kuwa, ka gwada haɗa sassan gilashin a bushe sau uku, sau huɗu. Za ka lura hancin ba a tsakiya yake ba, ya karkata dama. Kada ka ce kwalin ne ya zo da aibi. Haka kamfanin Heinkel ya ƙera shi: an gusar da mazaunin bindigar gaba zuwa dama don kada mai saitin bam ya tare wa matuƙi gani, tunda matuƙin yana zaune ne a hagu. Na ga wanda ya sa sanfefa ya daidaita shi, ya ɓata jirgi da hannunsa.

Tunda komai na ciki zai bayyana, aikinka na gaskiya a ɗakin matuƙi yake. H-6 ya fito ne lokacin da ɗakin matuƙi ya koma launin toka mai duhu sosai, wanda ma'aikatar jiragen saman Jamus ta ba lamba RLM 66, sauran cikin jirgin kuma RLM 02, toka-toka mai ɗan kore. Launi mai duhu yana haɗiye ƙananan abubuwa, saboda haka bayan ya bushe ka tsoma burushi a fenti mai haske kaɗan, ka goge shi a takarda har ya kusa bushewa, sannan ka shafa sama-sama. Gefen kujera, maɓallai da akwatunan rediyo za su taso da kansu. Abu biyu nake so ka ƙara da hannunka. Na farko bel ɗin kujera, daga siraran yankan tef da aka shafa wa fenti mai launin madara. Na biyu wayoyi. Babban allon agogunan jirgin nan a sama yake rataye, gaban goshin matuƙi, don haka bayansa yana fitowa ta gilashin rufi. Ka warware tsohuwar wayar caja, ka ciri silin tagulla biyar ko shida, ka manna su a bayan allon, su gangara gefe. Aikin minti ashirin ne, amma shi ne abin da idon masani yake nema. Kada ka manta da shimfiɗar da mai saitin bam yake kwanciya a kai rubda-ciki a ƙasan hanci. Can baya kuwa, wajen mai rediyo, kada ka kashe kanka: da zarar ka rufe gangar jirgin, ta 'yan tagogi kawai za a hango.

Sandunan da suka raba gilashin su ne ke cinye lokaci. Da burushi kai tsaye hannu zai yi rawa. Ka rufe kowace taga da tef mai laushi, ka danna shi da tsinke har layin sandar ya fito, ka yanke da sabuwar reza. Sabuwa na ce, tsohuwa jan tef take yi. Akwai kamfanoni irin su Eduard da ke sayar da tef ɗin a yanke daidai kowace taga. In yayanka zai sake aikowa, wannan ya fi kowane ƙarin kaya amfani. Sannan ka fara shafa launin ciki, RLM 66, a kan sandunan, ka bari ya bushe, ka ɗora koren waje a kai. Mai leƙawa ta ɗaya gefen zai ga sandunan da launin ciki, yadda suke a jirgin gaske.

Launin waje uku ne: RLM 65, shuɗi mai haske, a ƙasa, RLM 71, kore mai duhu, da RLM 70, kore mai kusan baƙi, a sama. A irin wannan jirgi Jamusawa ba sa yin zanen ɓad-da-kama mai lanƙwasa irin na Ingila, nasu miƙaƙƙun layuka ne masu kusurwa kamar fasasshen madubi. Wannan gata ne ga mai burushi, tef zai yi maka rabin aiki. Fara da shuɗi, sai 71, ka rufe, sai 70. Korayen biyu sun yi kusa da juna ƙwarai, kuma haka ake so. Kada ka ƙara wa ɗaya haske don a bambance su daga nesa. Farfela RLM 70 ce. Ka tsinka fentin ya yi ruwa kamar madara, ka shafa sau uku sirara maimakon sau ɗaya mai kauri, kana jan burushi daga gefen tef zuwa ciki don kada fenti ya kutsa ƙarƙashinsa. A zafinmu fentin ruwa yana bushewa a bakin burushi, don haka ka yi aiki da sassafe ko bayan isha. Lokacin hunturu kuma ka kife roba a kan jirgin da zarar ka ajiye burushi, in ba haka ba ƙura za ta zauna daram a fiffike mai faɗin santimita 31. Jirgin gaske faɗinsa mita 22.6 ne, tsawonsa 16.4.

Sitika ba ta son fenti marar sheƙi, iska tana maƙalewa ƙarƙashinta ta yi ƙyalli kamar azurfa. Ka shafa banish mai sheƙi tukuna, ka manna, sannan ka rufe da marar sheƙi. Haruffan nan huɗu na gefen jirgin suna da ma'ana: biyun farko runduna ce, misali 1H na KG 26, G1 na KG 55, A1 na KG 53 (KG na nufin rundunar jiragen bam); na uku shi ne jirgin kansa, na huɗu ƙaramin rukuninsa. Kada ka gauraya su. Alamar Nazi ta wutsiya da wuya ka same ta a kwali, saboda dokar Jamus ta hana baje ta a kasuwa. Ni ban cika sa ta ba a abin da zan ajiye a falo.

Wajen tsufar da jirgi, ka taƙaita. Hayaƙin injin Jumo 211 yana barin baƙi-baƙi mai ruwan ƙasa a gefen inji da fiffike. Garin alli mai launi ko na gawayi a busasshen burushi ya isa. Bindigogin MG 15 ka shafa musu baƙi, ka goga bakin fensir a kai, za su yi ƙyallin ƙarfe. Wayar eriya kuma ka ɗumama guntun sandar robar da sassan suka zo a jiki a kan kyandir, ka ja a hankali, za ta miƙe kamar gashi.

Hattara da hotunan intanet. Da yawan waɗanda ake cewa He 111 ne, CASA 2.111 ne da aka ƙera a Sifen bayan yaƙi, mafi yawansu da injin Rolls-Royce Merlin na Ingila, rufin injinsu daban ne. Na asali kaɗan suka rage: akwai samfurin P-2 a Gardermoen ta ƙasar Nowe, akwai H-20 a gidan tarihin sojan saman Birtaniya da ke Hendon a Landan. Shi ma P-2 injinsa Daimler-Benz ne, don haka ka dubi cikinsa, ka bar injinsa.

Ina so kuma ka san abin da ke hannunka. Jirgin nan ya fara tashi a 1935 da rigar jirgin fasinja, lokacin da yarjejeniyar Versailles ta hana Jamus sojan sama. Shi ne ya ƙone tsakiyar Rotterdam ta ƙasar Holand ranar 14 ga Mayun 1940, shi ne kuma ya jagoranci harin Coventry ta Ingila ranar 14 ga Nuwamban 1940, inda ɗaruruwan fararen hula suka mutu. Su kansu matasan da ke cikinsa suna kiran kwamin bindigar ƙasa da gadon mutuwa, saboda ta nan jiragen Ingila suke fara ɓarin wuta. Ya ma zo kusa da mu. Jiragen da Birtaniya take haɗawa a Takoradi, a Gana ta yau, suna bi ta Legas, Kano, Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, zuwa Kartum da Alƙahira. A Janairun 1942 He 111 guda ɗaya, ƙarƙashin jagorancin Theo Blaich, ya taso daga kudancin Libiya, ya ratsa Sahara, ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, ya ƙone ma'ajiyar mai. A hanyar komawa mansa ya ƙare, ya sauka a hamada, sai bayan kwanaki aka gano mutanen. In wannan labari ya ja ka, jiragen fagen Bahar Rum suna ɗauke da farin ɗamara a gangar jiki kusa da wutsiya, na fagen Rasha kuma rawaya.

Yau ka buɗe kwalin, ka wanke sassan da ruwa da ɗan sabulu don cire maiƙon masana'anta, ka ware na gilashi a leda su kaɗai. Gobe ka fara da kujerar matuƙi. In ka rufe hancin, ka aiko mana hoto kafin ka sa tef.