Gwajin DNA ya ce ɗana mai son kasada ne: shin zai faɗa shaye-shaye?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na aika yawun ɗana mai shekara 16 ga wani kamfanin gwajin DNA da na gani a intanet. Sun ce yana ɗauke da nau'in ƙwayar gadon DRD4 mai maimaici bakwai, wai masu irinsa sun fi son kasada kuma suna saurin faɗawa shaye-shaye. Tun ranar ban sami barci ba, ko fita ya yi sai gabana ya faɗi. Sun ce in saya masa maganin daidaita dofamin. In saya?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kada ki sayi komai.

DRD4 ƙwayar gado ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar dofamin, sinadarin da ke isar da saƙo a cikinta. Maimaici bakwai na nufin wani yankinta ya maimaitu sau bakwai, wato dogon nau'i ke nan. Zancen DRD4 ya taso ne a 1996, lokacin da mujallar Nature Genetics ta buga bincike biyu, ɗaya na Richard Ebstein da abokan aikinsa a Isra'ila, ɗayan daga Amurka. Duka sun ce masu dogon nau'in wannan ƙwayar gado sun fi son sabon abu. Mutum 124 aka gwada a na farko, 315 a na biyu. Jaridu suka yi ta kururuwa. Da wasu masana suka sake gwadawa, wani ya samu, wani bai samu ba. A 2008 Marcus Munafò da abokan aikinsa suka tattara sakamakon binciken da aka yi, ba su ga alaƙa tabbatacciya tsakanin maimaicin nan da son sabon abu ba. Haka abin ya kasance da wata ƙwayar gadon, DRD2, wadda Kenneth Blum ya danganta da shan giya a 1990; daga baya ma aka gano alamar da ya auna a cikin maƙwabciyarta ANKK1 take. Ƙwayar gadon COMT kuwa, gaskiya ne nau'inta na Val ya fi na Met saurin narkar da dofamin, amma masu raba jama'a gida biyu da ita, jarumai da masu fargaba, sun wuce gona da iri.

Ba ina cewa hali ba ya bin jini ba ne. Binciken tagwaye ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane gado ne. Sai dai gadon nan ya warwatsu a dubban wurare, kowanne da ɗan tasirin da bai taka kara ya karya ba. A 2019 an duba fiye da mutum miliyan ɗaya kan son kasada, aka sami wurare 99, kuma fitattun ƙwayoyin gadon dofamin ɗin nan ba su yi wani fice ba.

Abin da ke ɓata mini rai, wanda kullum sai na yi fama da shi, shi ne tunanin cewa ƙwayar gado ɗaya tak za ta yanke wa yaro hukunci. Maimaici bakwai ɗin nan ɗaruruwan miliyoyin mutane ke ɗauke da shi. Yana da yawa ƙwarai a tsakanin 'yan asalin Kudancin Amurka, a Gabashin Asiya kuwa da ƙyar ake samunsa, amma ba a rasa mashaya da masu caca a can ba. To, takardar me ta gaya miki? Illarta kuma ba ƙarama ba ce. Uwa ta fara shinshinar kayan ɗanta, tana binciken wayarsa, yaro ya ji an riga an yi masa tambari, ya daina gaya mata komai. Ɗaya ɓangaren ya fi muni: iyayen da aka ce ɗansu ba ya ɗauke da shi sai su saki jiki, alhali yaron ya riga ya fara. Kamfanonin nan sun san an yi watsi da wannan bincike, amma tsoron uwa ciniki ne, shi ya sa maganin ke biye da sakamakon.

Maganin kansa abin dubawa ne. Dofamin da aka haɗiya ba ya ratsawa cikin ƙwaƙwalwa. Wasu daga cikin haɗe-haɗen kuma suna ɗauke da lebodofa, maganin masu cutar Parkinson, kuma ba shi da hurumi a jikin lafiyayyen yaro.

Ki kula da abin da ido ke gani: abokan da yake bi, faɗuwar karatu kwatsam, sauyin barci, kuɗi suna ɓacewa, ko tarihin shaye-shaye a dangi. Idan tun yana ƙarami ba ya iya natsuwa ko mai da hankali, ki kai shi likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, domin wannan matsala idan aka bar ta tana ƙara haɗarin shaye-shaye. Sannan ki rubuta wa kamfanin ki ce su goge bayanan DNA ɗinsa, su lalata yawun da kika aika, domin bayanan nan sun shafi ƙannensa, har da ke kanki.