Jikina Ya Gaji, Shin Zan Iya Karɓar Fansho Kafin Shekara 50?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haura shekara 20 ina aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa ƙarƙashin wani kamfani. Shekaruna 47, kuma ciwon baya da na gwiwa sun fara hana ni ɗaukar nauyi. Idan na ajiye aiki yanzu, za a ba ni kuɗin fanshona?
Daga wani mai karatu a Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Shawarata ita ce kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai ka ga likita, domin yadda ka bar aikin shi zai yanke abin da zai shigo hannunka.

Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a asusun ritayarsa, shi kuma ana cire masa kashi 8, kuma bisa ƙa'ida ba a taɓa kuɗin sai ya kai shekara 50. Wanda ya bar aiki kafin nan, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, kashi 25 kawai zai iya cira, sauran ya jira. Kai shekara uku suka rage maka, kuma duk wanda ke biyan kuɗin haya a Legas ya san da wuya rubu'in ajiyar ma'aikacin tasha ya riƙe iyali tsawon wannan lokaci.

Amma dokar ta buɗe wata ƙofa ga irinku. Idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar a rubuce cewa jikinka ba zai iya ci gaba da aikin ba, za a ɗauke ka a matsayin wanda ya yi ritaya saboda rashin lafiya ko da ba ka kai 50 ba. A nan za a iya ba ka wani kaso a dunƙule, sauran kuma ka zaɓa tsakanin biyan wata-wata daga kamfanin da ke kula da fanshonka, ko biyan har ƙarshen rayuwa daga kamfanin inshora.

Kafin komai, ka nemi bayanin asusunka ka duba ko ana zuba abin da ake cire maka, domin akwai kamfanonin da ke cirewa su yi shiru. In ka ga giɓi, ka kai kuka ga hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, kuma ka sanar da ƙungiyarku ta ma'aikatan tasha.

Idan kuma likita ya danganta ciwon da aikin kansa, dokar biyan diyya ta 2010 ta ba ka damar neman haƙƙi daga NSITF, hukumar da ke biyan diyya ga ma'aikatan da suka ji rauni ko suka kamu da ciwo sanadin aiki. Wannan diyya dabam take da fansho, kuma ana so a kai rahoto da wuri, don haka ka sanar da kamfani a rubuce tun kana bakin aiki, ka kuma adana kwafin kowace takardar asibiti.