Nuna Wasan Ƙwallo a Gidan Abinci

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ki riƙa nuna wasan ƙwallo kai tsaye a gidan abincinki da ke Yelwa, Bauchi. A ganina ya dace, muddin kin ware wa 'yan kallo gefe guda. Matsalar tana wajen kujera, domin wasa minti 90 ne ban da hutun rabin lokaci, kuma na sha ganin matashi ya sayi lemo kwalba ɗaya ya riƙe tebur har a tashi, alhali magidancin da ya zo cin masa da miyar taushe yana tsaye. Ki lissafa kuɗin man janareta tun da wuri. Kada ki yi amfani da rajistar DStv ta gida, domin wuraren kasuwanci suna da tasu daban. Ki tuntuɓi dillalinsu kafin ki biya.