Yadda hafsan sojan ruwa ya kafa "Hausawan Glover"

Tambaya: Na ji ana cewa wani sojan ruwa na Ingila ne ya dasa harsashin rundunar sojan Najeriya. Wane ne shi, kuma me ya haɗa shi da Hausawa?

Amsa: Mutumin da kake nufi shi ne John Hawley Glover, wanda aka haifa a Ingila a 1829, ya shiga rundunar sojan ruwa a 1841 yana ɗan shekara goma sha biyu, ya kuma samu rauni a yaƙin Burma a 1853.

Abin da ya kawo shi ƙasarmu shi ne tafiyar binciken Kogin Kwara ta 1857 ƙarƙashin Dakta William Baikie. Jirginsu mai suna Dayspring ya bugi dutse kusa da Jebba ya farfashe, lamarin da ya tilasta wa Glover yin tattaki ta ƙasa tsakanin bakin kogin da Legas. A waɗannan tafiye-tafiye ne ya san bayi 'yan Arewa da aka sayar a ƙasar Yarabawa, waɗanda da yawansu ke neman hanyar kuɓuta daga iyayen gijinsu.

Da aka damƙa masa riƙon mulkin Legas a 1863, sai ya ɗebi irin waɗannan mutane ya horar da su, ya ba su bindiga da kaki da albashi. Tarihin rundunar sojan Najeriya ya ce da mutum 18 aka fara. A ganina wannan ne wurin da ya fi cancantar tunani, domin bawan da ya tsere ba shi da dangi ko majingina a Legas sai wanda ya ɗauke shi aiki, don haka biyayyarsa ba ta rabuwa biyu, kuma Glover ya san da haka sarai. Ba dukkansu ne Hausawa na asali ba. Turawa kan kira duk Musulmin da ke jin harshen da wannan suna.

A yaƙin da Ingila ta yi da masarautar Asante (a ƙasar Ghana ta yau) daga 1873 zuwa 1874 ya jagoranci Hausawansa ta ɓangaren Kogin Volta, amma bai isa Kumasi ba sai bayan Janar Wolseley, babban kwamandan sojan Ingila a yaƙin, ya ƙone garin ya juya. Daga baya Glover ya yi gwamna a Newfoundland (a ƙasar Kanada ta yau) har sau biyu, ya mutu a Landan a 1885, kuma har yau akwai ɗakin taro mai sunansa a tsibirin Legas.