Ka Zuba Miliyan 3 a Kundin Waƙoƙi, Amma da Sunan Wa Aka Buɗe Asusun?

Wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko mini da tambaya. Ƙaninsa ne ke jagorantar wata ƙungiyar makaɗan jita su biyar, masu irin kiɗan rok ɗin nan na sahara da Agadas ta yi suna a kansa, sai dai su da Hausa suke rera yawancin waƙoƙinsu. Da yake babu kamfanin da ya ɗauke su, shi ya zuba sefa miliyan 3: rabi ya tafi a sutudiyo inda aka naɗi waƙoƙi 9, miliyan 1 ta tafi a bidiyon waƙa guda, sauran kuma a hotuna da sufuri da talla. Ɗan baffansu da ke zaune a Yamai, wanda ya iya kwamfuta, shi ya ɗora kundin a YouTube da manhajojin sauraren waƙa na Spotify da Audiomack. Wata 5 ke nan da fitowar kundin, bidiyon ya sami kallo wajen 40,000, amma ko dala ba ta shigo hannun Alhaji ba. Yanzu ɗan baffan ya ce a ƙara miliyan 1 da rabi, a yi bidiyo na biyu, a kuma biya masu rubuta sharhi a intanet su yabi kundin, domin ta haka ne Turawa za su ji labarinsu kamar yadda suka ji na Mdou Moctar, makaɗin jitan nan ɗan Nijar da ya yi suna a waje. Alhaji yana tambaya ko ya ƙara.

Alhaji, kada ka ƙara ko dala tukuna. Na karanta wasiƙarka sau uku ina neman abu ɗaya ban same shi ba: da sunan wa aka buɗe tashar YouTube, da imel ɗin wa aka yi rajista wurin kamfanin da ya rarraba waƙoƙin, kuma asusun wa aka ba su su riƙa zuba kuɗi? Ka faɗa mini farashin sutudiyo da na bidiyo har da kuɗin motar da aka biya zuwa Yamai, amma ba ka ce komai a kan wannan ba, kuma shirunka ya nuna mini cewa komai yana hannun ɗan baffanka, ba tare da takarda ko shaida ba. Nan ne kuskurenka yake, kuma ya fi rashin cinikin wata 5 girma nesa ba kusa ba.

Ka auna shi da sana'arka. Da ka yi sarin shadda ta miliyan 3, ka kai ta shagon da wani ya kama haya da sunansa, makulli yana aljihunsa, littafin ciniki yana hannunsa, kai kuma sai abin da ya faɗa maka ta waya, shin za ka ce kana da shago? A harkar waƙa ta zamanin nan, imel da lambar sirri su ne makullin, shafin da kamfanin rarrabawa yake nuna yawan saurare da kuɗin da ya taru shi ne littafin ciniki, ainihin naɗin da aka yi a sutudiyo kuma shi ne hajar. A cikin ukun nan babu wanda kake riƙe da shi, kuma ina kyautata zaton ƙaninka ma bai riƙe ko ɗaya ba. Kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid da TuneCore ba su san Alhaji ba, ba su san wanda ya kaɗa jita ba. Wanda ya buɗe asusu shi suka sani, shi suke biya, kuma shi kaɗai zai iya sauke waƙoƙin daga intanet a dare ɗaya idan ransa ya ɓaci.

Ban ce ɗan baffanka maci amana ne ba, domin ban san shi ba, kuma mai yiwuwa ne babu abin da ya taru da zai ɓoye. Amma na ga yadda irin wannan zaman yake ƙarewa. Wasu samari mawaƙa sun taɓa zuwa wurina a Kano, su huɗu, suka zauna a kan benci a ofishina, babbansu yana ta juya waya a hannu yana nuna mini tashar da ta tara masu bibiya fiye da 100,000 da waƙoƙinsu. Abokinsu ne ya buɗe musu ita tun suna makaranta, da imel ɗinsa, saboda a lokacin shi kaɗai yake da kwamfuta. Shekara huɗu babu wanda ya ce uffan, domin babu kuɗi. Ranar da kuɗin talla ya fara shigowa, sai abokin ya ce shi ya yi wahalar ɗorawa da amsa saƙonni, don haka rabi nasa ne. Da suka yi gardama, ya canza lambar sirri. Na tambaye su ko suna da wata takarda, ko da saƙon waya ne da ke nuna cewa riƙo aka ba shi, suka dubi juna. An yi zaman sulhu har sau uku gaban iyaye, a ƙarshe suka buɗe sabuwar tasha daga farko, kuma har yau iyayen nasu ba sa gaisawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da an rubuta layi biyar a ranar farko, lokacin da babu abin da za a yi rigima a kansa, da yaron nan ya sa hannu da murna.

Na san abin da ke zuciyarka, domin duk ɗan kasuwar da na ba wannan shawara ya faɗa mini shi: ina jin nauyin in ce wa ɗan'uwana ya rubuta, zai ga kamar na zarge shi. Alhaji, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ke cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta keɓe 'yan'uwa ba. Kai kanka ba ka taɓa ba yaron shagonka dila guda ba tare da ka shigar a littafi ba. Akwai ma wata tambaya da ta rage tsakaninka da ƙaninka, wadda ita ma ba ku rubuta ba: miliyan 3 ɗin nan bashi ne, jari ne, ko kyauta? Idan ka tambayi makaɗan nan biyar ɗaya bayan ɗaya, na tabbata za ka ji amsa uku daban, kuma kowannensu da gaskiyarsa yake magana.

Ga abin da za ka yi a cikin makon nan. Ka kira ɗan baffan ya zo Damagaram, ka biya masa kuɗin mota, ku zauna da makaɗan duka da dattijo ɗaya ko biyu. A buɗe kwamfuta a gabanku, a shiga kowane asusu, kowa ya ga adadin saurare da abin da ya taru da idonsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A buɗe sabon imel da sunan ƙungiyar, wanda lambar wayarka ko ta ƙaninka ke ɗaure da shi, a mayar da mallakar tashar da asusun rarrabawa kansa. YouTube yana ba mai tasha damar naɗa wani a matsayin manaja, ya ci gaba da ɗora bidiyo ba tare da ya zama mai ita ba, don haka babu wanda ya kori ɗan baffanka daga aikinsa. A yanka masa kamashonsa a fili, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na abin da ya shigo ta hannunsa, domin wanda ba a yanka masa rabo ba shi yake yanka wa kansa. A rubuta cewa uwar kuɗinka za ta fara fita daga kaso kaza na kowane ciniki, a rubuta rabon kowane makaɗi, a rubuta wanda ya tsara kowace waƙa, kowa ya sa hannu, a kai ofishin magajin gari a buga hatimi. Sannan ƙaninka ya je BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijar, ya yi wa waƙoƙin rajista. Kada ka manta da mai sutudiyo: a karɓo ainihin naɗin, kowane kayan kiɗa daban, a ajiye a wuri biyu. Na san wani ɗan kasuwa da ya rasa damar ciniki da wani kamfanin waje saboda ragowar jaka 80, wato sefa 80,000, da bai biya sutudiyo ba, mai sutudiyo ya riƙe naɗin, daga baya kwamfutarsa ta ƙone da shi a ciki. Idan ɗan baffan ya yi ta kawo uzuri a kan wannan zama, to ka sami amsar tambayar da ba ka yi ba.

Sai batun miliyan 1 da rabi. A ƙiyasi, Spotify yana biyan dalar Amurka 3 zuwa 4 a kan saurare 1,000, wato wajen sefa jaka 2, kuma idan masu sauraren mutanenmu ne na Afirka ta Yamma abin bai kai haka ba. Ke nan sai an saurari kundinku sau miliyan 1 da rabi kafin uwar kuɗinka ta dawo, tun ba a cire rabon kowa ba. Tun shekarar 2024 ma, waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan komai a kanta. YouTube kuwa, kafin ya fara raba kuɗin talla da mai tasha, yana neman masu bibiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara. Bidiyo mai minti 4 da aka kalla sau 40,000, ko da kowa ya kalle shi har ƙarshe, bai kai sa'o'i 2,700 ba. Don haka ba mamaki idan aka buɗe asusun aka tarar da kuɗin goro kawai. Bidiyo talla ne, kamar allon da ka rataya a ƙofar shago, kuma ba a kashe sulusin jari a kan allo, balle a sake yin wani. Makaɗan su zauna a tsakar gida ko a bakin wani biki, a ɗauke su da waya mai kyau da na'urar ɗaukar murya mai tsabta, a kan jaka 50 zuwa 100. Masu shirya wasanni a waje irin wannan suke nema, domin suna so su ga ko yaran sun iya kiɗa a gaban mutane.

Sharhin da aka saya kuwa asarar kuɗi ce tsantsa. Kafofin da maganarsu ke da nauyi a wannan fanni, irin su mujallun kiɗa na Songlines da Pitchfork da sashen kiɗa na RFI, editocinsu ne ke zaɓar abin da za su rubuta a kansa, kuma a al'ada wata biyu ko uku kafin fitowar kundi ake aika musu da shi, da taƙaitaccen tarihin ƙungiya da hotuna da fassarar baitoci. Kundin da ya yi wata 5 a kasuwa ya wuce wannan gaɓa. Shafin da zai karɓi kuɗinka ya yabe ka, duk mai harkar ya san kuɗi yake karɓa, don haka yabonsa ba ya buɗe ƙofa. Haka nan idan cikin tallan da ake nufi akwai sayen kallo da saurare na bogi, to ka sani ana gano shi, kuma yana iya jawo a sauke kundin gaba ɗaya.

Maganar Mdou Moctar kuwa ta ishe ni, domin kusan kowane mai kawo mini irin wannan lissafi da sunansa yake farawa, yana yi wa rogo kallon kitse. Mutumin nan a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a katin memori, har wani ɗan Amurka mai kamfanin Sahel Sounds ya ji ɗaya ya sa ta a wani tarin waƙoƙi a 2011, bayan ya sha wahalar gano mai ita. Sai a 2021 babban kamfanin Matador ya fitar da kundinsa, shekara 13 ke nan. Makaɗan ƙungiyar Etran de L'Aïr kuwa sun fara a Agadas a 1995, suna kiɗan biki da suna fiye da shekara 20 kafin kundinsu ya fita waje a 2018. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya isa inda yake ta hanyar sayen sharhi. A dandalin biki hannunsu ya faɗa, a can kuma suka ci abinci duk tsawon shekarun.

A nan ne nake so ka mayar da hankalinka, domin wasiƙarka ba ta ce komai a kan wasannin da suke yi ba, kuma ina zargin su ma ba a rubuta su. Idan suna karɓar jaka 100 zuwa 150 a biki ɗaya, ban da liƙi, suka yi biki huɗu a wata tsakanin Damagaram da Maraɗi da Mirriya, aka ware maka kashi 25 cikin 100, uwar kuɗinka za ta dawo cikin shekara biyu ko kusa da haka. Ka saya musu littafi mai bango mai kauri, a riƙa rubuta ranar wasa, sunan gari, kafin alƙalamin da aka karɓa, cikon kuɗi, hayar lasifika da janareta, man mota da rabon kowa, ka riƙa dubawa duk ƙarshen wata kamar yadda kake duba na shago. Idan bayan wata 6 littafin ya nuna ana kiransu kuma ana biya, ka sake rubuto mini da alƙaluman da kuma kwafin takardar da kuka sa wa hannu, a lokacin sai mu duba ko kundi na biyu ya cancanci jarinka da kuma nawa za ka zuba.