Amsa: Me David Hume ya faɗa da har ake ta maganarsa?

Malam, ka tambayi abin da ya sa sunan Hume, ɗan Sikotlan, ba ya ɓacewa a darasin falsafa. Maganarsa kan sababi ce. Ya ce in ƙwallo ta bugi ƙwallo, ido yana ganin bugun, yana ganin ɗayar ta gangara, amma bai taɓa ganin ƙarfin da ya tilasta hakan ba. Sabo ne kawai ke sa mu jiran abu ya maimaita kansa. Wanda ya karanci Imam Gazali zai tuna misalinsa na wuta da auduga, sai dai Gazali ya mayar da aikin ga Allah, Hume kuwa ya tsaya a ɗabi'ar ɗan Adam.

Bai sha da daɗi ba. A 1745 aka hana shi kujerar farfesa a jami'ar Edinbura, babban birnin Sikotlan, bisa zargin rashin imani. Thomas Reid, wani masanin falsafa ɗan ƙasarsu, ya mayar masa da martani a 1764, yana kare hankalin da kowa ke rayuwa da shi, kuma ra'ayin Reid ne ya mamaye kwalejojin Amurka tsawon shekaru. Kant, babban masanin falsafa na Jamus, kuwa da bakinsa ya ce Hume ne ya tashe shi daga barcin karɓar ra'ayi ba bincike.