Za a iya kai hukumar haraji kotu?

Malam, ka ce an aiko wa kamfaninka da ke Jos takardar haraji mai nauyi, wani kuma ya ba ka shawara ka je kotu ka ce gwamnati ba ta da hurumin karɓar komai a hannunka. Wannan shawarar ka ajiye ta gefe. Alƙali ba zai saurari wanda ya ce dokar ƙasa ba ta hau kansa ba. Abin da ake ja a kai shi ne lissafin, ko kuma wace hukuma ce ke da ikon karɓar wane haraji. Irin wannan jayayya ce Jihar Ribas ta yi da FIRS, hukumar harajin tarayya ta wancan lokacin, a kan VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, Babbar Kotun Tarayya ta Fatakwal ta ba jihar gaskiya a 2021, aka ɗaukaka ƙara.

Kai dai ka lura da kwana 30 daga ranar da takardar ta iso hannunka. A cikinsu za ka rubuta wa hukumar cewa ba ka yarda ba, da dalilanka da rasitai. In ka yi shiru suka wuce, lissafin ya zauna daram, nan ne 'yan kasuwa da yawa ke yin asara. In sun ƙi gyarawa, sai kotun sauraron ƙorafin haraji, TAT, wadda reshenta na Arewa ta Tsakiya ke nan Jos. Daga can sai Babbar Kotun Tarayya, domin sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ita ya ba shari'ar harajin kamfanoni.

Tun yau ka kai wa lauya takardar, ya duba ranar da ta iso hannunka.